Tafiya Neman Ilimi da Amanar Komowa Gida

Da sunan Allah muke farawa, kuma gare Shi muke neman taimako. Yabo da godiya sun tabbata ga Ubangijin da Ya raya mu har muka riski wannan wata mai alfarma. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa, da sahabbansa, da duk wanda ya bi tafarkinsu har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ku ƴan'uwa Musulmi masu saurarenmu a cikin birnin Agadas, da Arlit, da Cirozerin, da Ingal, da Iferwan, da duk inda wannan murya ta isa. Barkanmu da shan ruwa. Allah Ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu.

Tun farkon watan nan tambayoyi suke zo mana a kan al'amari guda, wato tafiyar ƴaƴanmu karatun jami'a a ƙasashen waje. Wani uba yana tambaya ko ya halatta ya bar ɗansa ya yi shekara biyar a ƙasar da ba a jin kiran salla. Wata uwa tana tambaya a kan ɗiyarta da ta ci jarrabawar bak, aka ba ta gurbin karatun likita a Aljeriya. Wani saurayi kuma yana kukan cewa mahaifinsa ya hana shi tafiya, ga shi lokacin ajiye takardu yana ƙurewa. A gidaje da yawa na garin nan an buɗa baki yau babu mutum guda a kan tabarma, yana Maroko, ko Turkiyya, ko Masar, ko Madina, ko Rasha, ko Sin, ko nan kusa Sakkwato da Kano. Saboda haka muka ga ya dace mu ware wannan zama ga wannan magana. Abin da za mu faɗa a taƙaice shi ne, fita neman ilimi aiki ne da shari'a ta yaba, amma amana ce wadda ba ta sauka daga wuyan mai ita sai amfanin abin da ya koyo ya iso ga mutanen da ya bari a gida.

Mu fara da asalin al'amarin. Suratul Kahfi da muke karantawa kowace Juma'a ta ba mu labarin Annabi Musa, Alaihis salam. Annabi ne da Allah Ya yi magana da shi, amma da aka sanar da shi akwai wani bawa da aka ba ilimin da shi ba a ba shi ba, sai ya ɗauki guzuri, ya kama hanya da yaronsa, ya sha wahalar tafiya, ya kuma nemi izinin bin wannan bawa cikin ladabi. Sahabi Jabir ɗan Abdullahi, Allah Ya yarda da shi, raƙumi ya saya, ya yi tafiyar wata guda daga Madina zuwa Sham domin ya ji hadisi ɗaya tak daga bakin Abdullahi ɗan Unaisu. A cikin Suratut Tauba kuma, aya ta 122, Allah Ya shimfiɗa mana ƙa'idar gaba ɗaya: jama'a ba za ta fita dukkanta ba, wani sashe ne zai keɓe ga neman fahimta, kuma an ɗaure wannan neman da gargaɗin mutanensu bayan an komo. Ku lura, ya ku bayin Allah, an ambaci fita, an kuma ambaci komowa a wuri guda.

Mai yiwuwa wani ya ce wannan duk a kan ilimin addini ne, ina ruwansa da karatun likita ko na injiniya? Malamai sun riga sun amsa. Imamu Gazali ya lissafa likitanci da lissafi cikin farillan kifaya, wato abin da in wasu sun tsaya da shi an ɗauke wa saura, in kuwa kowa ya bari to laifin yana kan jama'a duka. Manzon Allah, Sallallahu alaihi wa sallama, ya umarci Zaidu ɗan Sabitu ya koyi rubutun Yahudawa domin ya riƙa karanta masa wasiƙu. Bayan yaƙin Badar kuma, wasu daga cikin fursunonin Ƙuraishawa sun fanshi kansu ta hanyar koya wa yaran Madina rubutu, alhali su mushirikai ne a lokacin. Ashe karɓar ilimi mai amfani daga hannun wanda ba Musulmi ba, ba baƙon abu ba ne a addininmu.

Mu dubi ƙasarmu ta Abzin. Tun 1971 ake haƙar uraniyum a Arlit. Ga gawayin Anu Araren da ake ƙonawa a samar da lantarki. Ga zinariyar Jado da ta bayyana a 2014, ta kwashi samarinmu da yawa. Wa zai auna mana ruwan rijiyoyin da ke kusa da waɗannan ma'adinai ya gaya mana ko ana iya sha? Wa zai karanta yarjejeniyar da ake ƙullawa da kamfanonin waje ya gane inda aka cuce mu? Matar da naƙuda ta tsananta gare ta a Timiya ko a Bilma, wa zai tsaya a kanta? In babu ɗanmu da ya san waɗannan abubuwa, farilla ce muka tozarta, kuma za a tambaye mu.

Garin nan da muke zaune cikinsa ma, da tafiyar masu ilimi ya yi suna. Shehu Magili daga Tilimsan ya taso, ya ratsa ƙasar Abzin, ya karantar a Tagidda, kafin ya wuce Kano a zamanin Sarki Muhammadu Rumfa. Ɗalibinsa Malam Aƙibu, mutumin Anu Samman kusa da Tagidda, ya je Masar ya ɗauki karatu wajen Imamu Suyuɗi, ya komo yana ba da fatawa, har sarakuna suna aiko masa da tambaya. Shi kansa Imamu Suyuɗi ya rubuto wasiƙar nasiha ga Sarkin Abzin da Sarkin Katsina. Malam Jibrilu ɗan Umar ya yi hajji, ya zauna da malaman Masar, ya komo da karatu da ijaza. Hasumiyar babban masallacinmu, mai tsawon mita 27, wadda aka fara ɗagawa a 1515, ta ga fitar ɗalibai da komowarsu shekara ɗari biyar. Wanda ya ce fita neman ilimi sabon abu ne da Nasara suka kawo, bai san tarihin garinsu ba.

Labarin Malam Jibrilu yana ɗauke da amsar saurayin nan da ya ce mahaifinsa ya hana shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, Allah Ya jiƙan shi, yana saurayi ya lazimci Malam Jibrilu har suka iso nan Agadas. Da malamin ya yi haramar wucewa Makka, Shehu ya so ya bi shi, sai Malam Jibrilu ya mai da shi gida saboda mahaifinsa bai ba shi izinin wannan tafiya ba. Shehu ya koma, bai yi gardama ba. Har ya bar duniya a 1817 bai samu zuwa Makka ba, amma ku dubi albarkar da Allah Ya sanya wa iliminsa. Malamanmu na Malikiyya sun rarrabe: abin da ya wajaba a kan mutum shi kansa, kamar sanin tsarki da salla, iyaye ba su da ikon hana shi nemansa. Abin da yake na kifaya kuwa, balle in tafiyar tana da haɗari, maganar iyaye tana da nauyi a cikinsa, ba a tsallake ta. Saboda haka, ya kai yaro, kada ka sulale da dare ka bar uwarka tana kuka. Ka nemi kawunka, ko limamin unguwarku, ko malaminka na lakkol, su zauna da mahaifinka a fahimtar da shi. In ya yarda, ka tafi da albarka. In ya tsaya a kan bakansa, ka yi haƙuri ka nemi karatun a gida, Allah ba Ya tozarta mai biyayya.

Ku kuma iyaye, an ba ku wannan iko ne domin ku kare yaro. Wanda ya yi amfani da shi ya danne ɗansa saboda yana so ya riƙe masa kanti, ko saboda kishin ɗan kishiya, ya ji tsoron Allah. Tambayar da ta kamata ku yi ita ce: abin da yaron nan yake nema, akwai shi a gida ko babu? Yau ba kamar da ba ce. Akwai jami'ar Yamai, akwai jami'ar Musulunci ta Say da aka buɗe a 1986, akwai ta Damagaram, da ta Maraɗi, da ta Tawa, ga kuma tamu ta Agadas da aka kafa a 2014. Imamu Malik a Madina ya yi karatunsa, a nan ya karantar, duniya ce ta yi tattaki zuwa gare shi. Zama gida ba ƙasƙanci ba ne, kuma fita don a ce ɗan wane yana waje ba ibada ba ce. Amma in fannin babu shi a nan, ko wanda ke can ya fi inganci nesa ba kusa ba, kuma yaron mai hankali ne mai riƙon salla, to ku sake shi da addu'a.

In an yanke shawarar tafiya, akwai guzurin da ya riga jaka. Na farko niyya. Yaro ya tambayi zuciyarsa, karatu zai je yi, ko takardar karatu ya mayar gada don ya tsere wa ƙasarsa? Allah Ya san abin da ƙiraza suke ɓoyewa, kuma a kan niyya ake ba da lada.

Na biyu, ya san farillansa kafin ya fita. Wanda bai sauke Ahalari ko Ishmawi ba, bai san abin da ke warware alwala ba, bai san ƙabli da ba'adi ba, in ya je inda babu malamin da zai tambaya, wayar hannu ce za ta zama malaminsa, kuma a cikinta akwai mai shiryarwa, akwai mai ɓatarwa. Watannin da ke tsakanin fitowar sakamakon bak da ranar tafiya sun isa a zaunar da yaro gaban malami ya gyara wannan.

Na uku, bincike. Hausawa sun ce hangen Dala ba shiga birni ba. Akwai dillalai da ke yawo da hotunan manyan gine-gine a waya, suna karɓar kuɗin mutane da sunan samar da gurbi da biza. Akwai makarantun da in ka gama, takardarsu ba ta da daraja ko a ƙasar da aka ba da ita. Mun ji abin da ya faru a maƙwabciyarmu Najeriya a farkon 2024, lokacin da wani ɗan jarida ya nuna ya samo digiri daga Kwatano cikin mako shida, har gwamnatinsu ta dakatar da tantance takardun jami'o'in Benin da Togo. Ku yi tunanin yaran da suka yi karatun gaskiya a can, shakka ta shafe su tare da masu saye. Kafin uba ya sayar da raƙumansa, ko garkar albasarsa, ko uwa ta kai zinariyarta kasuwa, a je ma'aikatar ilimi mai zurfi, a je hukumar ANAB mai kula da burs, a tambaya ko an san wannan makaranta, ko za a karɓi takardarta in an komo. A nemi wani ɗan gari da ke karatu a can a ji daga bakinsa. Sayen takardar da ba a yi karatunta ba kuwa shaidar zur ce, kuma wanda ya riƙe aikin likita ko na gini da irin wannan takarda, duk ran da ya salwanta a hannunsa yana wuyansa.

Na huɗu, lissafin ciyarwa. Burs takan yi jinkiri, wani lokaci watanni. Yaron da yunwa ta kama a baƙuwar ƙasa, ga sanyi, ga kuɗin ɗaki, shi ne mai sauƙin faɗawa hannun miyagu. Kada a tura yaro a ce Allah Ya ciyar da shi alhali ba a tanadi komai ba. Tawakkali yana zuwa ne bayan an ɗaure raƙumi.

Na biyar, hanya. Mu mutanen Agadas mun fi kowa sanin abin da sahara take yi. A watan Oktoba na 2013 an tsinci gawar mutum 92 a arewacin Arlit, kusa da iyakar Aljeriya, mafi yawansu mata da yara, motocinsu sun lalace ƙishirwa ta kashe su. Ba ɗalibai ba ne, amma sahara ba ta tambayar mutum niyyarsa. Muna kuma ganin waɗanda ake saukewa a bakin iyaka su tako da ƙafa zuwa Asamaka. Duk wanda ya ce maka ka bi ta Libiya ka haye teku, in ka isa Turai ka shiga makaranta, ƙarya yake yi maka. Ɗalibi da fasfo da biza da takardar karɓa yake fita, ta ƙofa, da rana tsaka. Jefa rai cikin halaka haramun ne, ko da sunan ilimi.

Ko an bi dukkan ƙa'ida, ku sani baƙo baƙo ne. A Fabrairun 2022 yaƙi ya tashi a Yukren, ɗaliban Afirka suka yi kwanaki cikin sanyi a bakin iyakoki suna neman fita. Ranar 15 ga Afrilun 2023, cikin goman ƙarshe na Ramadan, faɗa ya ɓarke a Hartum, ɗalibai masu yawa daga ƙasashenmu na Afirka ta Yamma suka baro littattafansu suka nemi tsira da rai. A shekarar 2023 ɗin kuma Faransa ta dakatar da ba da biza ga ƴan Nijar da Mali da Burkina Faso, yaran da suka riga suka ɗaure kaya suka wayi gari ƙofa a rufe. Ba mu kawo wannan don mu tsorata kowa ba. Mun kawo shi don yaro ya yi rajista a ofishin jakadancin ƙasarsa da zarar ya sauka, ya shiga ƙungiyar ɗaliban Nijar da ke can, ya adana takardunsa, kuma jama'a su gane cewa ƙasar da ta jingina karatun ƴaƴanta kacokan a kan ƙofar wani, ranar da aka rufe ƙofar sai ta zauna a waje.

Yanzu ga ku da kuke can, domin mun san ana tura muku wannan karatu ta waya. Wasunku suna cewa su matafiya ne, saboda haka suna ƙasaru, suna ajiye azumi. Ku gyara. A mazhabarmu tafiyar da ake ƙasaru a cikinta ita ce ta mil 48, kusan kilomita 80, kuma da zarar mutum ya yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a wuri, hukuncin matafiyi ya faɗi daga kansa. Wanda ya je zaman shekaru mazauni ne, sallarsa cikakkiya, azuminsa wajibi. Ranar tafiya da ranar komowa ne kuke da sauƙi. Jarrabawa ita kaɗai ba uzurin shan azumi ba ce. Wanda rashin lafiya ya kama, ko ya ji tsoron cutuwa ta gaske, ya sha ya rama. Ku ɗauki azumi ku ajiye tare da Musulmin ƙasar da kuke ciki, kada ku ce sai an ga wata a Nijar. Zakkar fid da kai, mudun Annabi huɗu na abincin da aka fi ci a wurin, ku fitar inda kuke, in kuma kun wakilta iyayenku su fitar muku a gida ya isar. Ku san lokutan salla, farkonsu da ƙarshensu, za ku ga akwai yalwar da za ta ba ku damar yin Azahar tsakanin darasi da darasi. Naman da kuke shakkarsa ku bar shi, ga kifi, ga ƙwai, ga wake. Giya da alade kuwa babu mai shakka a kansu.

Ku sani kuma biza alkawari ce. Ƙasar da ta ba ku izinin shiga ta amince muku ne a kan sharaɗi, kuma Musulmi ba ya warware alkawari, ko da wanda ba Musulmi ba ne. Kada ku yi sata, kada ku yi algus a jarrabawa, kada ku yaudari ƴaƴan mutane da alkawarin aure. Da yawa a can ba su taɓa buɗe littafin Musulunci ba, halinku ne kaɗai abin da za su karanta. Ku tuna Yahaya ɗan Yahaya al-Laisi, wanda ya taso daga Andalus zuwa Madina wajen Imamu Malik. An ruwaito wata rana aka shigo da giwa gari, ɗalibai suka watse kallo, shi ya zauna, ya nuna wa malaminsa cewa karatu ya kawo shi daga nesa, ba kallon giwa ba. Ya koma ƙasarsa da Muwaɗɗa, kuma riwayarsa ce muke karantawa a zaurukanmu har yau. Giwayen zamaninku sun fi nasa yawa, wasu ma suna cikin aljihunku.

Game da ƴaƴa mata, ga amsar uwar da ta yi tambaya. Matanmu suna jin nauyin likita namiji, har wata takan ɓoye ciwo sai ya ci ƙarfinta. Ba za mu nemi likita mace ba alhali mun hana a karantar da ita. Nana Asma'u ɗiyar Shehu malama ce da ta karantar da mata birni da ƙauye. Sai dai sharaɗin amincin hanya da na masauki ya fi tsanani a kan mace. A raka ta da muharraminta ya ga inda za ta zauna, a haɗa ta da ƴan'uwanta mata amintattu, a san wanda za ta nema in wani abu ya taso. In wannan ya samu, a sa mata albarka. In bai samu ba, a nema mata a jami'o'in gida, kada a ce ta zauna haka nan.

Sai maganar komowa, wadda ita ce kan zancenmu. Kun san ayarin gishiri da ke tashi daga ƙasar nan bayan damina, ya ratsa Tenere zuwa Fashi da Bilma. Gero yake kaiwa, ya komo da kantu da dabino. Mutanen gida suna ba da raƙumansu da hatsinsu saboda sun san za a komo musu da abin da ba su da shi. Madugun da ya isa Bilma ya ga dabino ya yi masa daɗi, ya zauna, ya ci amanar masu raƙuma. Haka ɗalibi yake. Burs ɗin da yake ci dukiyar jama'a ce, a cikinta akwai harajin mai sayar da icce da na mai tallar fura. Kuɗin da aka aika masa, wata ƙila ƙanensa aka cire daga lakkol don su ishe shi.

Ku dubi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai take ɗauke da sunansa. A Tasawa aka haife shi a 1929. Ya yi karatu a Senegal, ya yi a Faransa har ya kai matsayin da ake ji da shi a ilimin kimiyya, ya ƙaro a Tarayyar Sobiyet. Da ya so zama can, da ya zauna. Amma ya komo ƙasarsa a 1969, ya shugabanci ma'aikatar binciken makamashin rana, ya sa iliminsa a kan wannan rana da take ƙona mu kullum, ya kuma shugabanci jami'a, kafin ya rasu a 1991. Wannan shi ne ayarin da ya komo da kaya.

Mun san ba kowa Allah ke nufa da komowa da jikinsa ba. Malam Muhammadu al-Kashinawi, Bakatsine masanin lissafi, ya yi hajji ya zauna Alƙahira har ya rasu a can a 1741, kuma ba mu ce ya yi laifi ba. Wanda aiki ko iyali ya riƙe a waje, bashin bai faɗi daga kansa ba, hanyar biya ce ta sauya. Ya ɗauki nauyin karatun wani yaro a unguwarsu. In likita ne ya zo hutunsa ya duba marasa lafiya. Ya aiko da littattafai da kayan aiki. Ya kira uwarsa, kada ya bari sai an kira shi ta'aziyya. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Wanda ya komo kuma ya komo da ladabi. Muna ganin yaro ya yi shekara huɗu a waje, ya zo yana ƙyamar tuwon uwarsa, yana gyatsine in tsoho yana magana. Muna ganin wanda ya karanto addini, ya sauka yana kafirta iyayensa, yana raba sahu a masallacin da aka yi masa suna. Shehu Usmanu ya saɓa wa Malam Jibrilu a kan mas'alar kafirta mai saɓo, ya rubuta hujjarsa a fili, amma bai gushe ba yana girmama shi, yana shaida cewa shi ɗalibinsa ne. In ka zo da gaskiyar da ba mu sani ba, zauna da malaman gari, buɗe littafi, za a saurare ka. Ilimin da bai ƙara wa mai shi tawali'u ba, nauyi ne kawai ya ɗauko.

Mu da muke gida ma akwai namu. Sau da yawa rijiya ta ba da ruwa, guga ya hana. Yaro ya komo da takardarsa ta gaskiya, ya shekara uku yana yawon ofisoshi, a ba wanda bai kai shi ba saboda ɗan wane ne. In ya gaji ya koma inda ya fito, sai mu ce ya guje mu. Duk mai riƙe da muƙami da ya ba da aiki don sanayya ya bar wanda ya cancanta, ya ha'inci Allah da Manzonsa da jama'a. Ku kuma attajirai, tun ƙarni na 13 mutanen Kanem suka ba da dukiyarsu aka gina makaranta a Masar inda mutanensu suke sauka. Ɗalibi matalauci yana cikin masu cin zakka, haka wanda guzuri ya yanke masa a baƙuwar ƙasa. Cikin wannan wata da kuke fitar da haƙƙin Allah, ku nemi maraya mai ƙwazo a unguwarku, ku ɗauki karatunsa har ya gama. Ranar da ya tsaya a asibitin garin nan yana ceton rai, ladan yana gudana zuwa gare ku ko kuna cikin kabari.

Ya Allah, Ka tsare ƴaƴanmu da ke nesa, Ka tsare musu addininsu da mutuncinsu da lafiyarsu. Ka buɗa musu ƙirazansu, Ka haɗa su da abokai na gari, Ka komo mana da su da ilimi mai amfani. Ka sanyaya zukatan iyayen da ke kewar ƴaƴansu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanya da malamanmu da suka riga mu. Ka zaunar da ƙasarmu Nijar lafiya, Ka ba mu damina mai albarka, Ka sa mu cikin bayin da Kake ƴantawa a wannan wata. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Sai gobe in Allah Ya kai mu. Wassalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.